Yadda Ake Zaɓar Difarenshal Mai Kullewa ko LSD Ga A-kori-kurar da Ta Fi Yawo a Kwalta

Yawancin masu Hilux a Gombe mota ɗaya ce ke yi musu aiki biyu. Litinin zuwa Juma'a tana kan kwalta, daga Tumfure zuwa wurin aiki, daga can zuwa Jekadafari, wani lokaci a miƙi hanyar Bauchi ko ta Yola. Ranar Asabar sai a loda mata taki a nufi gona, can gaba da Dadin Kowa ko wajen Talasse, inda kwalta ke ƙarewa a hau burji, burji ya ƙare a faɗa baƙar laka. A irin wuraren nan ne, cikin watan Agusta, ake ganin abin takaici: tayar baya ɗaya tana ta wulwulawa tana feshin taɓo, 'yar'uwarta tana zaune a kan tsandauri ko motsi ba ta yi. Inji lafiya lau, giya lafiya lau. Abin da ya kayar da kai yana cikin ƙullutun ƙarfen nan na tsakiyar bak-aksil, wato difarenshal.

Ana iya canza shi. Sai dai wanda ya fi kowanne iya laka shi ne ya fi kowanne wahalarwa a kwalta. Don haka abin nema shi ne wanda zai fitar da kai ranar Asabar ba tare da ya hana ka sakat sauran kwana shidan ba.

Mataki na 1: San abin da kake shirin taɓawa

Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san in an kai ƙarshen kunya za a juyo, bijimin waje ne ke zagaye mai nisa, na ciki kuwa kusan a wuri ɗaya yake tattaki. Haka tayoyin baya suke a kwana. Tsakanin tayar dama da ta hagu a Hilux akwai tazarar kusan mita ɗaya da rabi. In ka karya kwana ka shiga layi, tayar waje tana fin ta ciki tafiya da wajen mita 2.4. In juyowa ka yi gaba ɗaya ka koma inda ka fito, bambancin ya doshi mita 5. Ƙananan giyoyin da ke cikin difarenshal su ne ke ba kowace taya damar yin gudunta, ba mai jan wata. Wannan shi ne buɗaɗɗen difarenshal, wanda akasarin motoci ke fitowa da shi, kuma a kwalta ba shi da makusa.

Aibinsa guda ne. Ƙarfin juyin da yake ba tayoyin biyu kullum daidai wa daida ne, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rashin kamu za ta iya riƙewa. In ta hagu tana cikin santsi, kaɗan za ta riƙe, to ta dama ma kaɗan ɗin za ta samu ko da a kan fā take. Ƙara taka totur ba ya ƙara wa ta dama komai, sai dai ta hagu ta ƙara gudu ta haƙa wa kanta rami. Mai ogzileri, wato motar da ke iya ja da tayoyi huɗu, ma bai tsira ba: in gaba buɗaɗɗe ne, baya buɗaɗɗe ne, da zarar taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya sun rasa kamu, mota ta zauna.

Magani iri biyu ne. LSD yana barin tayoyin su bambanta a gudu amma yana tauye bambancin, ya tura wani kaso na ƙarfin zuwa tayar da ke da kamu. Dif-lok kuwa, wato mai kullewa, haɗe su yake yi baki ɗaya, su zama kamar sandar ƙarfe guda.

Mataki na 2: Duba abin da ke ƙarƙashin motarka tukuna

Kada ka fitar da ko sisi kafin wannan. Akwai masu LSD da ba su san suna da shi ba, akwai kuma waɗanda aka sayar wa mota da sunan tana da shi alhali ya daɗe da mutuwa.

Nemi wuri mai tauri wanda ba gangare ba. Kashe inji, sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, sa giya a firi, sauke hambirki. A ɗaga bak-aksil har tayoyin biyu su bar ƙasa, a tokare da ƙarfen tokara. Ban da dogaro da jak kaɗai, ban da bulon siminti, don shi ba ya sallama in zai fashe. Juya taya ɗaya da hannu, wani ya tsaya yana kallon ɗayar. In ta juya saɓanin taka, kana gaba tana baya, to ɗayan uku ne: buɗaɗɗe, ko LSD mai kulocin da ya cinye, ko LSD mai giya, don duk haka suke nunawa a wannan gwajin. In ta bi taka suka tafi tare, LSD mai kuloci ne da ransa, ko kuma a kulle yake. In ka ga farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa difarenshal, ce ke juyawa ɗayar tayar ta tsaya cik, a riƙe farfelar a sake.

Sannan a sauke taya ɗaya ƙasa, giya tana firi, ka sake juya ta saman. Wadda ta juya sakayau da hannu ɗaya ba ta da wani kuloci mai aiki. Wadda sai ka sa ƙarfi kafin ta motsa, kulocinta na nan. Wadda ta ƙi motsi sam, ka tuhumi walda ko makullin da ya maƙale.

Leƙa kusa da notin zuba mai. Toyota kan manna 'yar takarda mai ɗauke da haruffan LSD a wurin. A tsofaffin Toyota kuma farantin da ke cikin bonet ko jikin ƙofa yana da lambar aksil irin G282 ko G285. Harafin G yana nufin kirawun, wato babbar giyar difarenshal, mai inci 8, 28 tana nufin rashiyo 4.30, wato yawan juyin farfela a juyin kirawun ɗaya, lambar ƙarshe kuma ita ce abin nemanka: 2 ko 4 buɗaɗɗe, 3 ko 5 LSD. Sababbin motoci sun koma lambobi irin A01A, waɗanda sai an bi ta lambar shasi ake gane su. Amma ka tuna faranti labarin ranar da mota ta bar kamfani yake bayarwa. Motar da ta ratsa hannu huɗu, ta yi aikin gwamnati ta yi na ɗan kwangila, ba mamaki an taɓa canza mata aksil.

Ka duba maɓallan cikin mota ma. Wanda aka rubuta wa RR DIFF LOCK, ko mai hoton tayoyi huɗu da alamar X tsakanin na baya, shi ne makullin baya, kuma in kana da shi zance ya ƙare, sai dai koyon amfani da shi. Wanda X ɗinsa ke tsakiyar hoton, irin na Prado da manyan Land Cruiser, gaba da baya yake haɗewa, ba dama da hagu ba. Ana yawan rikita su.

Mataki na 3: Gwada masu araha kafin mai tsada

Ba wani difarenshal da zai ƙirƙiro kamu inda babu shi. In tayoyinka sun suɗe, kulle su tare zai sa su wulwula su biyu ne kawai. Fara da taya mai tsagi, irin wadda ake yi don kwalta da daji. A yashi, kamar na yankin Dukku, rage iska zuwa wajen 20 a geji yana yin abin mamaki, da sharaɗin za ka mayar da ita kafin ka hau kwalta da gudu. A-kori-kura in babu kaya bayanta shafal yake, buhun taki huɗu a saitin aksil kilo 200 ke nan, kuma sau da yawa shi ne bambancin fita da kwana a daji. Ogzileri kuma tun kafin a shiga laka ake sa shi, ba sai an nutse ba. In motarka mai makullin hob ce a tayoyin gaba, sauka ka murɗa su tun a bakin hanya.

Sababbin Hilux masu A-TRC suna da dabarar kama birkin tayar da ke wulwulawa don ƙarfi ya koma ɗayar. Direbobi da yawa suna jin gurnaninsa sai su ɗaga ƙafa, suna zaton wani abu ya karye. Riƙe totur a wuri ɗaya ka ba shi 'yan daƙiƙu. In duk ka yi waɗannan kana ci gaba da maƙalewa, to mu je gaba.

Mataki na 4: A ina kake maƙalewa, kuma wa ke tuƙa motar?

Maƙalewa iri biyu ce, kuma ita ce ke yanke hukunci. Ta farko, tayoyin biyu suna ƙasa amma ɗaya ta fi ɗaya santsi: ka kauce wa tirela ka sauke taya ɗaya a kafaɗar hanya, ko hawan burji bayan ruwa, ko layin unguwa da ya caɓe. Wannan aikin LSD ne. Ta biyu, taya ɗaya ta bar ƙasa ɗungum ko ta kusa. Mutumin Gombe ba sai an ba shi labarin zaizayar ƙasa ba. In ka tsallaka kwari a karkace, mota takan yi gicciye, tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu su rataye. A nan LSD iyakarsa kaɗan ce, dif-lok ne maganin.

Tambaya ta biyu ba a cika yin ta ba. In kai kaɗai ke tuƙi, kana iya koyon halin kowane irin ƙarfe. In kuwa yau direba, gobe ɗanka, jibi uwargida za ta kai yara makaranta, kana buƙatar abin da ba ya neman a tuna da shi, ba ya kuma ba baƙon hannu mamaki a kwana.

Mataki na 5: Zaɓi iri

LSD mai kuloci shi ne wanda aka fi samu a kasuwanninmu, don da shi Toyota da Nissan suka fito da motoci masu yawa. A cikinsa akwai jerin faya-fayan ƙarfe da sifirin ke matsewa, su ne ke hana taya ɗaya tserewa. Yana da kirki a kwalta, kuma saboda matsin sifirin ɗin yana ɗan tura ƙarfi ko da taya ɗaya ta rataya. Matsalarsa ci. Kowace kwana da ka sha faya-fayan suna gugar juna, a hankali har ya koma buɗaɗɗe ba tare da ya yi ko tari ba. Yana kuma da zaɓen mai. Na Nissan Patrol ya yi suna wajen riƙo, na Hilux kuwa an san shi da saurin yin sanyi. In shi aljihu ya kai, babu laifi, amma ka sa kuɗin sababbin faya-fayai cikin lissafi tun farko.

LSD mai giya ba shi da kuloci ko ɗaya. Giyoyi ne masu murɗaɗɗun haƙora da ke cije jikin gidansu in ƙarfi ya hau kansu. Asalin irin wannan dabarar Torsen ne, wanda wani Ba'amurke, Vernon Gleasman, ya yi wa rajista a 1958. Na a-kori-kura da aka fi sani shi ne Detroit Truetrac na kamfanin Eaton, akwai kuma Quaife na Ingila. Aikinsa ninkawa ne: abin da tayar santsi ta iya riƙewa, sai ya ninka shi wajen sau uku ya ba ɗayar. In ta santsi ta riƙe 100, mai kamu tana iya samun 300. Daga nan ka ga rauninsa, tayar da ke sama sifiri take riƙewa, sifiri kuwa ko sau nawa ka ninka shi sifiri ne. Dabarar direbobi ita ce a ɗan ja hambirki ƙas biyu ko uku, ko a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ana ba da wuta a hankali, sai tayar saman ta sami abin turewa, ƙarfi ya tsallaka. A motar da ke da A-TRC ma kwamfuta ce ke yi maka wannan aikin, shi ya sa su biyun suke jituwa ƙwarai. Ba ya ƙara, ba maɓalli, ba faifan da za a canza, kuma wanda ya ari motar ba zai ma san yana ciki ba. A ganina, ga motar da rayuwarta kwalta ce da hanyar gona, musamman wadda ba ta da ogzileri, babu kamarsa. Sai dai da wuya ka tsince shi a kasuwa, yawanci sai an yi odarsa.

Akwai mai ruwan silikon a ciki, wanda ke kamewa in ya ɗumama. Yana da jinkirin kamawa, in ya tsufa kuma ba a gyara shi. Tsallake shi.

Sai mai kulle kansa, irin Detroit Locker, da ƙananan da ake cusawa a gurbin ƙananan giyoyi kamar Lock-Right da Aussie Locker. Ƙananan nan suna jan hankali don araharsu da sauƙin ɗaurawa, a laka kuma ba su da wasa. Amma ga yadda zamanku zai kasance a gari. Ka shigo shataletale ka ɗaga ƙafa, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya, tayar waje ce ta saki tana tsallake haƙora. A lokacin tayar ciki kaɗai ke tura mota. Ka taka totur don fita, ta ciki ta yi ƙiii a kwalta, ta kamo ta waje, makulli ya faɗa da ƙara gau, bayan mota ya ɗan yi wutsiya. A busasshiyar kwalta abin haushi ne kawai. A ruwan farko, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da ya ɗiga suka jiƙe suka zama sulɓi, abin tsoro ne, balle ga mota manuwal da babu kaya a bayanta. Yana kuma cin taya. Motar da ke zaune a gona tana jigilar buhuna daga fadama zuwa bakin titi, sa mata. Wadda za ta yi Gombe zuwa Bauchi da iyali a ciki, ni dai ba na ba da shawara.

Mai maɓalli shi ne ya raba gardama, ga mai hali. In ba ka danna ba buɗaɗɗe ne sak, motarka tana nan yadda ka san ta. In ka danna, tayoyin biyu sun zama ɗaya, ko da ɗaya tana lilo a sama. Na iska, irin ARB na Ostireliya, yana buƙatar kwamfuresa da siririn tiyo da ake huda gidan aksil a shigar. Ribarsa, in ka sayi babbar kwamfuresa, ita za ta riƙa mayar maka da iskar taya bayan yashi. Wahalarsa yoyon iska in robobin ciki suka gaji ko aka ɗaura su da ganganci. Na lantarki, irin Eaton ELocker da Harrop, waya biyu ce da maɓalli, kayan lalacewa sun fi kaɗan. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan da damina ke yankewa, mai haƙar rijiyar burtsatse, ma'aikacin rigakafi, ɗan kwangilar da ke tsallaka kwari kullum, wannan ne nasa. Shi ne kuma ya fi tsada, in ka haɗa da kuɗin ɗauri.

Duk wanda ka zaɓa, a baya za a sa. Gaba a bar shi buɗe. Makulli a gaba yana taurara sitiyari, yana kuma karya shaf ɗin gaba, wato sandar da ke kai juyi ga taya, na motocin zamani in aka matsa musu.

Saura walda. Za ka haɗu da mai ce maka, "Alhaji, wane irin oda kuma? Kawo in ɗiga wa ƙananan giyoyin nan wuta, kai da maƙalewa har abada." Gaskiya ya faɗa ta ɓangaren laka. Abin da bai faɗa ba shi ne mita biyu da ɗoriyan nan na kowace kwana ba su da inda za su je sai jikin taya da shaf. Taya za ta riƙa gurzar kwalta, mota ta riƙa neman miƙewa kana karya sitiyari, shaf yana murɗuwa kullum har ranar da zai tsinke, kuma da kaya yake tsinkewa, ba a gareji ba. Ka ce masa, "Na gode, Malam, a bar shi haka."

Mataki na 6: Tabbatar zai shiga, kuma zai yi daidai da gaba

Abu uku ne dole su dace: girman kirawun, yawan tsagin bakin shaf, da rashiyo. Aksil ɗin Toyota mai inci 8 tsagi 30 ne da shi, amma kada ka ɗauka kowace Hilux haka take, sababbi sun bambanta. A zaro shaf a ƙirga.

Rashiyo shi ne haƙoran kirawun a raba da na finiyo, ƙaramar giyar da ke juya shi. 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56. In cikin kawai za a canza a mayar da kirawun ɗinka, rashiyo bai taɓu ba. In kuwa kan difarenshal ɗin za ka saya sukutum, wanda a Hilux ake kwance shi ta gaba da notuna a zaro, to nan ake yin ɓarna. Mota mai ogzileri dole gaba da baya su zama rashiyo ɗaya. Ka sa 4.30 a baya alhali gaba 4.10 ne, ranar da ka sa ogzileri aksil biyun za su yi ta kokawa da juna har wani abu ya ba da kai. A mota marar ogzileri ma bambancin zai canza maka ja, shan mai da karatun mitar gudu.

Ga yadda za ka gane naka ba tare da kwancewa ba, in buɗaɗɗe ne. Ɗaga taya ɗaya, sa giya a firi, yi alama da alli a taya da farfela. Juya tayar sau 20, wani yana ƙirga juyin farfela. In ya sami 41, rashiyonka 4.10 ne, in 43, 4.30 ne.

Wani tarko: kan difarenshal na Toyota mai makullin lantarki na kamfani ba ya zama a gidan aksil na buɗaɗɗe haka kawai. Sai an yanke gurbi an sake wuraren wasu notuna. Ana yi, amma aikin gwani ne, wani lokaci sayen aksil ɗin gaba ɗaya ya fi sauƙi. In haka za ka yi, duba faɗinsa, mazaunin sifirin da wurin na'urar ABS ta birki.

In tokumbo za ka saya, ko a nan gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, je da bakanikenka da shaf ɗinka. A wanke haƙora da fetur a duba ƙwarzane, tsaga ko ramuka. A juya bakin finiyo a ji ko boris yana gurnani ko yana girgiɗi. Shinshina man da ya rage, ƙauri alamar ya sha zafi ne. In an ce LSD ne, a cusa shaf biyu, a danne ɗaya a bais, a murɗa ɗayan. Wanda ya juya ba gardama ya gama yayi, kada a saya maka shi da kuɗin mai rai. Ku yi magana a gaban shaida cewa in bai yi ba za a dawo da shi. Sabo kuma, musamman na iska, akwai jabu masu kama da na asali har kwali. Farashin da ya yi daɗi fiye da kima ya isa gargaɗi.

Mataki na 7: Zaɓi mai ɗaurawa kamar yadda ka zaɓi kayan

Ba kowane gwanin inji ne gwanin aksil ba. Kafin ka ba da aiki, tambaye shi abu uku cikin ladabi: "Oga, kana da agogon awon wasan haƙori? Kana da sifana mai awon ɗauri? Da me kake duba zaman haƙori?" In ya ce hannunsa ne agogonsa, yi masa godiya ka nemi wani. Masu gyaran aksil ɗin tipa da tirela sau da yawa sun fi sanin wannan aikin.

Wanda ya san aiki, kafin ya kwance komai zai auna wasan da ke tsakanin kirawun da finiyo ya rubuta, don tsofaffin haƙora sun saba da zamansu, a nan ake so a mayar da su. A aksil ɗin Toyota mai inci 8 ƙa'idar littafi milimita 0.13 zuwa 0.18 ce, abin da bai wuce kaurin gashi biyu ba, ka ga kuwa ba aikin ƙiyasi ba ne. Zai yi wa marufan boris alama don kada na dama ya koma hagu. Zai sa sababbin boris, ya ɗaure notunan kirawun da gam ɗin noti, bi da bi a gicciye, da awo. Finiyo kuwa in lafiyarsa ƙalau ba ya taɓa shi.

Tsaya ka ga gwajin ƙarshe da idonka. Zai shafa wani shuɗi ko rawayan maiƙo a haƙora huɗu ko biyar na kirawun, ya danne shi da tsumma don ya yi nauyi, ya juya finiyo gaba da baya. Inda haƙori ya taka, maiƙon zai goge ya bar tabo. Tabon da ake so mai siffar ƙwai ne a tsakiyar haƙori, ya ɗan karkata wajen siririn bakinsa na ciki. In ya hau can tsini ko ya gangara gindi ko ya tattare a gefe ɗaya, a sake saiti. Wanda aka rufe a haka, shi ne ke fara kuka wuuu da ka kai gudun 80, kuma haƙorin da ya fara kuka ba ya dainawa. In an huda gidan aksil don tiyo ko waya, a wanke ɓarɓashin ƙarfen tas kafin a rufe, a kuma bi da tiyon nesa da salansa da duk inda kututture zai iya fizge shi.

Mataki na 8: Mai, gwaji, da sabon hannu a tuƙi

Kullum a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi. Man aksil GL-5 ne, galibi 80W-90, a zuba har ya fara dawowa ta bakin. LSD mai kuloci yana son wanda aka rubuta wa LS a jikin galan, in ba haka ba za ka ji yana kakkarwa a kwana. Truetrac akasin haka ne, man GL-5 na gargajiya yake so, ba a ƙara masa sinadarin sulɓin da ke cikin man LS. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba na wannan aikin ba ne. In har da sabon kirawun da finiyo aka sa, a bi su a hankali, ban da kaya masu nauyi, a canza mai bayan kilomita 800 na farko.

Nemi fili ka yi ta zagaye dama da hagu a hankali, taga a buɗe, kana saurare. Mai kuloci yana buƙatar wannan don mai ya ratsa faya-fayansa. Mai maɓalli kuma a ƙasa mai laushi ake gwada shi, ba a kwalta ba. Tsaya, ko ka kusa tsayawa, sannan ka danna. Kada ka taɓa danna shi taya tana wulwulawa, haƙoran makullin za ka kakkarya. Littafin Toyota ya ce kada a wuce gudun kilomita 8 a awa in baya na kulle, a yawancin motocinsu ma sai a L4, wato ƙaramar giyar ogzileri, yake shiga, kuma ABS yana ɗaukewa muddin yana kulle. Da ka fita daga wurin, kashe shi. In fitilarsa ta ci gaba da ƙiftawa, ɗan murɗa sitiyari dama da hagu ko ka ɗan yi ribas, zai saki. Ko da rani, riƙa kunna shi sau ɗaya a wata a kan burji, don 'yar na'urar da ke tura makullin tana daskarewa in ta daɗe a zaune.

Hannunka ma sai ya canza. Da buɗaɗɗe, in ka cika wuta a jiƙaƙƙiyar kwana taya ɗaya ce ke sulɓewa, ɗayar tana riƙe da bayan mota. Da LSD su biyun suna iya sulɓewa tare, baya ya zagayo. Sai mota ta miƙe ake ba ta wuta. Haka nan a gefen gangare mai santsi, kulle baya yana iya zamar da ita ƙasa a gicciye.

Ka gaya wa mai faci da yaran gareji cewa motar nan ba a ɗaga taya ɗaya a tayar da inji a sa giya, don tayar da ke ƙasa za ta tura ta ta sauko daga kan jak. Tayoyin baya kuma su zama girma ɗaya, iri ɗaya, iska ɗaya. Masu sayen taya tokumbo ɗai-ɗai su lura, lamba ɗaya a jiki ba ta nufin tsawo ɗaya, zagaya kowace da igiya ka gwada. Taya ɗaya ta fi ɗaya girma, ga LSD tamkar kana cikin kwanar da ba ta ƙarewa ne, kuloci zai ƙone tun kafin ka kai Alkaleri. In ta baya ta yi faci kuma safayarka ba girmansu ɗaya ba, ciro ta gaba ka mayar baya, safaya ta tafi gaba, ogzileri a kashe.

A saman gidan aksil akwai ɗan bututun numfashi. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta nan ko ta bakin sil. Sa a ɗaura masa tiyo a ja shi sama zuwa ƙarƙashin bodi. Duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, washegari kwance notin zubawa ka tsoma yatsa. In man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, a zubar a sa sabo a ranar.